Ramen na gaske a Landan: wanne ne na asali, wanne kuma za mu iya sha

Tun da sanyin nan ya fara shigowa mutum uku suka yi min tambaya iri ɗaya, wai ina ake samun ramen na gaske a Landan, wato taliyar Japan ɗin nan da ake sha cikin romo, irin wanda suke gani a bidiyo ana ta zuƙa tururi na tashi, ba na kofi da ake zuba wa ruwan zafi ba. Biyu ɗalibai ne da suka zo karatu bana, ɗayar kuma ƙanwata ce da za ta zo hutu. To amsar ba ta gajarta, don a wurinmu tambayoyi biyu ne a cure wuri ɗaya: wanne ne na asali, sannan wanne ne Musulmi zai sha hankalinsa kwance. Kuma gaskiyar da ya kamata in faɗa tun yanzu ita ce sau da yawa shagon da ya fi kowa asali shi ne ya fi ƙarfinmu, saboda abin da ya yi suna da shi ƙashin alade ne. Amma hakan ba ya nufin sai ka haƙura ka koma na jabu, akwai ramen na asali ɗari bisa ɗari da ba ruwansa da alade, sai dai ka san sunansa ka kuma san abin da za ka tambaya.

Da farko dai a cire indomi daga rai. Eh akwai zumunta, don taliyar leda mai dahuwa nan take Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro ta a Japan a 1958, daga nan duniya ta ɗauka har ta iso teburin mai shayi, amma kwanon da ake kawo maka a shagon ramen wata duniya ce daban. Abu biyar ne a ciki. Taliya, romo, wani haɗin gishiri mai kauri da suke kira tare wanda ake fara zubawa a gindin kwano, mai mai ƙamshi da ke yawo a sama, sai kayan da ake jerawa a kai. Taliyar ta alkama ce amma ana kwaɓa ta da wani ruwa mai suna kansui, kuma idan kana son ka gane shi ka tuna kanwa, kusan dangi ɗaya ne, shi ke sa ta yi ɗan rawaya-rawaya ta yi danƙo a haƙori ta ƙi narkewa a cikin romo mai zafi. Duk shagon da taliyarsa ta yi laushi luɓus kamar 'yar murji da ta wuce wuta, to ko da an rubuta sunan Japan a ƙofa da manyan baƙaƙe ba su iya ba.

Romon kuma shi ne inda maganarmu take. Manyan iri huɗu ne ake ji. Shoyu, na ruwan waken suya mai gishiri, romonsa garai-garai launin shayi, wannan shi ne tsohon salon Tokiyo, tun shagon Rairaiken da aka buɗe a Asakusa a 1910. Shio na gishiri ne zalla, ya fi kowanne sauƙi a ciki, garin Hakodate aka fi saninsa da shi. Miso na Sapporo ne can arewa inda ake ƙanƙara, shi miso waken suya ne da aka bari ya ruɓa da gishiri, kusan aikin da daddawa take yi a miyarmu shi yake yi musu, yana ba romo nauyi da zurfin ɗanɗano. Sai na huɗun, tonkotsu, na tsibirin Kiyushu, ya samo asali a Kurume a 1937 sannan Hakata ta Fukuoka ta yaɗa shi. Kalmar tonkotsu ma'anarta kai tsaye ƙashin alade. Ana tafasa ƙashin da wuta mai ƙarfi awa goma sha biyu, sha takwas, har ɓargo da kitse su narke romon ya koma fari kamar madara, idan ka taɓa barin farfesun ƙafar saniya ya kwana a wuta ka ga yadda romon ke kama leɓe, to irin wannan ne amma da alade.

Abin lura shi ne ukun farko sunan gishirin da aka sa ne, ba sunan ƙashin da aka dafa ba. Wannan shi ne ramin da mutanenmu suka fi faɗawa. Mutum ya ga an rubuta miso ya ce ai wake ne, ya ga shoyu ya ce ai waken suya ne, alhali romon da ke ƙarƙashi zai iya zama kaza da alade a haɗe, kuma miso irin na Sapporo a al'adance da kitsen alade da niƙaƙƙen namansa ake soya kayan lambun kafin a zuba romo. Ni kaina shekarar da na zo na taɓa zama a wani ƙaramin shago na ce a ba ni na miso da kayan lambu ba nama, aka kawo na sha, sai a zuwa na biyu da na tsaya na yi tambaya da kyau aka ce min tukunyar romo ɗaya ce tak a kicin ɗin kuma akwai ƙashin alade a ciki, naman sama kawai suka cire min. Wallahi abin ya tsaya min a rai kwana da kwanaki, shi ya sa nake ta nanata wannan wurin.

To yanzu shagunan. Landan ta daɗe ba ta san ramen na ƙwarai ba, abin da mutane suka sani shi ne Wagamama da Alan Yau ya buɗe a Bloomsbury a 1992. Sai a 2012 abin ya fashe, shaguna uku suka buɗe kusan a jere: Tonkotsu a titin Dean da ke Soho, Bone Daddies a titin Peter shi ma a Soho, da Shoryu a titin Regent. A 2014 kuma biyu suka taso daga Japan ɗin kanta, Kanada-Ya da Ippudo, suka zauna kusan suna kallon juna a St Giles, taku kaɗan daga tashar Tottenham Court Road. Waɗannan su ne sunayen da za ka yi ta ji, kuma duk sun yi rassa a unguwanni daban-daban.

Idan asali kawai ake nema ba tare da wata magana ba, Kanada-Ya da Ippudo ne a gaba, don su ba kwaikwayo suka yi ba, shagunan Fukuoka ne da suka buɗe reshe a nan. Ippudo ya girma, Shigemi Kawahara ne ya kafa shi a 1985 kuma yana da rassa a ƙasashe da yawa, kwanukansa biyu da aka fi sani su ne Shiromaru da Akamaru, na farkon farin romo zalla, na biyun an ƙara masa haɗin miso mai ɗan yaji da man tafarnuwa. Wurin da faɗi, da ado, ma'aikata na ta ɗaga murya suna yi wa baƙo maraba da Japananci, irin wurin da za ka kai baƙo ne ku zauna. Kanada-Ya kuma ƙarami ne, Kazuhiro Kanada ya fara shi a garin Yukuhashi a 2009, jerin abincinsa gajere, reshen farko kujerunsa kaɗan ne shi ya sa aka san shi da layi a bakin ƙofa, kuma suna alfahari da romon da ake dafawa awa 18. Abokan aikina da ke cin alade, har da wata 'yar Japan, idan aka yi gardama yawanci Kanada-Ya suke ba wa, sun ce romonsa ya fi kauri, Ippudo kuma ya fi shi wurin zama da yawan zaɓi. Ni dai ban sha ko ɗaya cikin waɗannan kwanukan ba kuma ba zan sha ba. Shoryu shi ma layin Hakata yake bi, na mutanen Japan Centre ne, wato Tak Tokumine da ya daɗe yana sayar da kayan Japan a Landan tun 1976, kuma shugaban kicin ɗin da ya tsara romon ɗan Hakata ne. Saboda haka duka ukun ginshiƙinsu tonkotsu ne.

To me ya rage mana a irin waɗannan wurare? Abu biyu, kuma dukansu na asali ne ba wai an ƙirƙiro su don a lallashi baƙi ba. Na farko tori paitan. Tori kaza ke nan, paitan farin romo, wato dabarar tonkotsu ce sak amma da ƙashin kaza da ƙafafunta da fatarta, ana tafasawa har ya yi fari ya yi kauri. A Japan akwai shagunan da shi kaɗai suke yi kuma ana bin layi a kansu, don haka kar wani ya ce maka wai na kaza ba ramen ba ne. Kanada-Ya suna da kwanon paitan na kaza, Bone Daddies suna da wanda suke kira T22 a kan romon kaza, Tonkotsu kuma duk da sunansu suna da na kaza mai yaji da man barkononsu da suka yi suna da shi. Na biyu shi ne na ganye zalla, wanda babu komai na dabba a ciki, ana haɗa romonsa da kombu, wata ciyawar teku mai faɗi, da busasshen mashurum, a wasu wuraren a ƙara madarar waken suya da miso da niƙaƙƙen riɗi ya yi kauri har ka rantse akwai ƙashi a ciki, a sa awara a sama. Shoryu suna da irin wannan mai madarar waken suya, sauran ma kusan kowa yana da nasa yanzu don masu gudun nama sun yi yawa a garin.

Tsakanin biyun nan kuma sai ka auna da kanka. Na kaza ya fi kusa da abin da kake gani a bidiyo, ya fi nauyi, ya fi kama leɓe, amma yana da tambayoyi a bayansa. Kazar yankan wa ce? Wannan kowa ya san matsayinsa, akwai masu ci a ƙasar nan akwai waɗanda sai sun ga shaidar halal, ba ni zan yanke maka ba, ka bi abin da malaminka ya karantar da kai. Bayan wannan, romon kaza ne zalla ko an haɗa da na alade don ƙarin kauri, naman da ke sama na kaza ne ko chashu, don chashu idan ba a faɗi wani abu ba to naɗaɗɗen cikin alade ne, sannan man da ke yawo a sama na mene ne, saboda baƙin man tafarnuwan nan da ake kira mayu sau da yawa da kitsen alade ake yinsa. Na ganye zalla kuwa ya yanke duk waɗannan tambayoyin lokaci ɗaya, kuma a Ingila idan shago ya rubuta cewa abu na 'yan ganye zalla ne ba ya wasa da shi don masu cin suna da tsanani. Abin da kawai ya rage masa shi ne maganar giya.

Ita maganar giya ta shafi kowane kwano, na kaza da na ganye. A girkin Japan sake da mirin kamar magi ne a wurinmu, ko'ina ana ɗan zubawa. Sake giyar shinkafa ce, mirin kuma mai zaƙi ce, ta asalin tana da barasa wajen kashi 14 cikin ɗari. Suna shiga cikin haɗin gishirin nan na tare, suna shiga ruwan da ake jiƙa ƙwai a ciki, wato ƙwan nan mai ruwa-ruwan gwaiduwa da ake kira ajitama wanda kowa ke so, har soyayyar kazar karaage ma yawanci da sake ake jiƙa ta. Za su ce maka ai an tafasa ta ƙone, to nan ma akwai masu sassauci akwai masu kaucewa gaba ɗaya, abin da nake so dai shi ne ka sani kafin ka sha ba bayan ka sha ba. Dabara ɗaya da ta yi min amfani: ka ce a kawo maka takardar abubuwan da ke tayar wa mutane da rashin lafiya, doka ta wajabta wa gidajen abinci su ba da bayanin iri 14, alade da giya ba sa cikin 14 ɗin amma idan ka nemi takardar ma'aikaci yakan ɗauke ka da muhimmanci ya shiga kicin ya tambayo maimakon ya amsa maka da ka. Kuma ka yi tambayar a fili, akwai alade ko kitsensa a romo, akwai sake ko mirin a cikin haɗin gishirin tare. Kar ka ce akwai nama, don nan ne ake samun kuskuren fahimta.

Tonkotsu da Bone Daddies su a tsakiya suke. A Landan aka haife su, ba daga Japan suka zo ba, amma sun ɗauki sana'ar da gaske. Tonkotsu Ken Yamada da Emma Reynolds ne suka kafa shi, kuma abin da ya burge ni da su shi ne da kansu suke murza taliyarsu da injin da suka kawo daga Japan, kana ji a haƙori. Bone Daddies Ross Shonhan ne ya kafa shi, ɗan Ostireliya da ya yi shugaban kicin a gidan abincin Zuma, shi bai ɓoye ba cewa salonsa ya yi, kiɗa da ƙarfi, kujeru dogaye, romo mai maiƙo da yaji, kayan sama da yawa. Idan kai mai son yaji ne kamar yawancinmu wataƙila bakinka ya fi karɓar waɗannan biyun, don ramen na Hakata na asali ba shi da yaji sam, gishiri da maiƙo ne. Amma idan da iyali za ka je ko kana son ku yi hira, hayaniyar Bone Daddies za ta iya damunka, ka duba wani.

Wagamama kuwa ban raina shi ba, yana ko'ina, da yara za ka iya zuwa, ba ka rasa wurin zama, kuma jerin abincin 'yan ganyensu dogo ne. Sai dai shi gidan abincin Asiya ne na gaba ɗaya, ga kori ga soyayyar taliya ga shinkafa, ramen ɗaya ne cikin abubuwa da yawa, romonsa sassauƙa ne ana ɗora gasasshen nama a kai. Idan yunwa ce ta kama ka a kan hanya ya wadatar, idan kuma so kake ka san dalilin da ya sa mutanen Japan ke tsayuwar awa guda a layi saboda kwanon taliya to ba a nan za ka gane ba.

Sai ɓangaren da ya fi kwantar mana da hankali, shagunan halal. Wanda aka fi ambata shi ne Ramo Ramen na Omar Shah da ya fara a Kentish Town, namansa halal, ba alade a kicin. Amma a faɗi gaskiya, su ma ba su ce ramen ɗin Japan suke yi ba, ramen ne da ɗanɗanon Filifin, kwanon da suka yi suna da shi na wutsiyar sa ne a romon gyaɗa, irin miyar da ake kira kare kare a can. Duk wanda ya tashi da miyar gyaɗa ko taushe zai ji shi kamar gida, daɗi kam akwai, kuma ka ci nama ka sha romo ba tare da ka yi wa ma'aikaci tambaya goma ba, wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne. Amma idan aka tambaye ka ka sha ramen irin na Tokiyo ko Fukuoka, amsar a'a ce. Akwai kuma ƙananan shaguna da yawa a gabashin Landan da ke rubuta halal da ramen a allo, a nan sai ka buɗe ido sosai, don wasunsu suna yi da kyau wasu kuma romon dunƙule ne da taliyar kanti aka yi wa ado da rabin ƙwai.

Yadda nake gane na ƙwarai kafin in zauna ba wuya. Jerin abincin gajere ne, kwano biyar zuwa takwas, idan ka ga sushi da kori da abincin Tailan da na Sin duk a takarda ɗaya to ba mai tsayawa kan tukunyar romo awa goma a wannan kicin. Suna iya faɗa maka da me aka yi romon da awa nawa ya yi ba tare da kame-kame ba. A masu salon Hakata za a tambaye ka yadda kake son taurin taliya, kata mai ɗan tauri, barikata mai tauri sosai, futsu daidai, ni kata nake cewa don siririyar taliya tana ci gaba da dahuwa a cikin kwano. Kuma akwai kaedama, wato ƙarin taliya da ake kawo maka ka juye a sauran romonka, shi ya sa ba a shanye romo tun farko. Kwanon ya zo da zafi ƙwarai, ka fara kurɓar romo da cokali kafin ka zuba wani yaji, sannan ka ci da sauri cikin minti goma, zuƙa da ƙara ba rashin ladabi ba ne a wurinsu. Kar ka yi oda a kawo maka gida a karon farko, kafin mai babur ya iso taliyar ta sha ruwa ta kumbura. Kuɗi kuma ka tanadi fam 13 zuwa 18 na kwano a tsakiyar gari, ƙwai a wasu wuraren daban ake biya, sannan yawanci ana ƙara kuɗin hidima kashi 12.5.



Ga abin da na faɗa wa ƙanwata. Idan ba ta son wata tantama ko kaɗan, ta fara da Ramo ta ci wutsiyar sa ta more. Idan kuma ɗanɗanon Japan ɗin take so tsantsa, ta je ɗaya cikin shagunan Hakata ɗin nan ta ce a ba ta na ganye zalla mai madarar waken suya da miso, ta tambayi maganar mirin, ta ce taliya kata, ta bar gyoza, ɗan ƙullin fulawar nan mai haɗi a ciki, don yawanci cikinsa alade ne sai in an rubuta na ganye. Ɗaliban biyu kuma da suka ce su suna cin kazar kanti, na ce su nemi tori paitan su tabbatar romon kaza ce zalla kuma ba chashu a sama, su je wajen ƙarfe biyar na yamma kafin 'yan ofis su taso layi ya yi tsawo.